Kwalbar Bakteriya da Sabon Tankin Kifi: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gida a Kano

Tankin na gilashi ne, tsawonsa santimita 80, faɗi 35, tsayi 40. In an cire wurin da tsakuwa ta cinye da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan da ke ciki bai wuce lita 100 ba. Yayana ne ya saye shi a watan Afrilu, tsakiyar bazarar Kano, saboda babbar 'yarsa da ta daɗe tana damunsa da maganar kifin ado. A rana guda aka haɗo masa komai a shago: tanki, tsakuwa, ƙaramar matata mai soso a ciki wadda ake maƙalawa a jikin gilashi, abinci, kifayen gwal guda shida a leda, da wata kwalba mai ɗauke da ruwa garai-garai. Bayanin da mai shago ya yi masa kan kwalbar ba shi da tsawo: "Alhaji, ka juye wannan duka, ka saki kifinka yau ɗin nan. Bakteriya ce, ita za ta gyara ruwan."

Haka aka yi. Ruwan na burtsatsen gidan ne, daga tankin sama. A kwana na biyu ya yi hazo fari-fari, aka ce magani ya fara aiki. Zuwa kwana na biyar ya washe tas, aka ce magani ya gama aiki. Yara kuwa kowa ya gilma ta falo sai ya barbaɗa abinci, don kifin gwal ba ya taɓa nuna ya ƙoshi. Ranar kwana na takwas aka wayi gari da kifi ɗaya a mace. Washegari wani ya bi shi, sauran huɗun kuma sun taru a sama suna buɗe baki, fukafukansu a tsuke, jikin biyu daga ciki da jan tsiri-tsiri kamar jini ya kwanta.

Ranar aka kira ni, don ina ɗan kiwon tarwaɗa kuma ina da kayan gwajin ruwa, irin na ɗigo da 'yan kwalabe.

Abin da gwajin farko ya nuna

Zafin ruwan digiri 30 ne. Ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa-kanwa, ya tsaya a 8. Da na ɗiga maganin gwajin amoniya, ruwan da ya kamata ya tsaya rawaya sai ya koma kore shar, daidai da miligiram 4 a kowace lita. Gwajin naitirayit (NO2) ya ba da sifiri. Gwajin naitiret (NO3) shi ma sifiri.

Yaya ya leƙo ya ce, "To ai biyu sun fito lafiya, ɗaya ne ya ɓaci." Na ce masa, "Yaya, waɗannan sifirin biyu su ne mummunan labarin."

Dalili kuwa sai an san abin da ake so kwalbar ta yi. Kifi yana fitar da amoniya ba dare ba rana, mafi yawanta ta jan naman nan da yake numfashi da shi a ƙarƙashin murfin kumatunsa, sannan kashinsa da ragowar abinci in sun ruɓe su ƙara wata. A kogi ko tafki yawan ruwa ne ke shanye ta. A lita 100 babu inda za ta. Abin da ke ceton kifin tanki wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zama a jikin soso da tsakuwa da gilashi: rukuni ɗaya ya ci amoniya ya mayar da ita naitirayit, wadda ita ma guba ce, wani rukunin ya ci naitirayit ya mayar da ita naitiret, wadda kifi ke jure wa har a zo canjin ruwa. Manomi da ya zuba takin yuriya a gona, wannan hanyar ce takin ke bi a cikin ƙasa kafin yawancinsa ya shiga saiwar masara. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi da yawan da zai yi amfani. In aka bar shi, za su zo da kansu su hayayyafa, amma abin yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, saboda ba su da saurin haihuwa. Bakteriyar da ke ruɓar da abinci tana iya ninka kanta cikin minti 20 zuwa 30, su kuwa waɗannan sai su kusa kwana, wani lokaci fiye, kafin ɗaya ta zama biyu. Kwalbar da ake sayarwa alkawarinta shi ne ta kawo su da yawa tun ranar farko don a rage jiran.

To ga tanki mai kwana tara, ruwa mai ɗumi, amoniya ta wadata, kuma ba a taɓa canja ruwan ba. Da akwai ƙwayoyi masu rai a kwalbar nan, ko da rabinsu ne suka kama, dole a ga sawunsu: ko naitirayit ta bayyana, ko naitiret ta taru, domin ita naitiret in ta samu ba ta ɓacewa da kanta a tankin da babu shuka. Babu ko ɗaya. Abin nufi, tun ranar da aka cika tankin babu abin da ya taɓa amoniyar.

Hazon nan da aka gani ya zo ya tafi, ba ruwansa da wannan aiki. Bakteriyar ruɓa ce ta samu abinci a sabon ruwa ta yi yawa, da ta cinye ta lafa. Ruwa na iya zama garau kamar na sha alhali yana cike da amoniya, domin amoniya da naitirayit ba su da launi.

Me ya sa kifin ya mutu da wuri haka

Miligiram 4 ɗin da gwaji ya nuna jimla ce ta abu iri biyu. Akwai amoniyom (NH4), wadda cutarwarta ba ta da yawa, akwai kuma amoniya tsura (NH3), wadda ke ratsa naman numfashin kifi ta shiga jini. Yadda jimlar ke rabuwa tsakanin biyun ya dogara ne da pH da zafi. A digiri 30, in pH 7 ne, tsurar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. In pH 8 ne, ta kai wajen kashi 7 da rabi. Ke nan a tankin Yaya akwai kusan miligiram 0.3 na tsurar a kowace lita, alhali masu kiwon kifi suna ƙoƙarin kada ta wuce 0.05. Da ruwan gidan mai ɗan tsami ne, da wannan adadin na 4 bai yi ɓarna da sauri haka ba. Shi ya sa mutum biyu za su yi kuskure iri ɗaya, na ɗaya kifinsa ya sha, na biyu ya kwashe gawa.

Ga kuma zafi. Ruwa mai digiri 30 ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, kifi kuma a zafi ya fi cin abinci, ya fi fitar da amoniya, ya fi buƙatar iskar. Da na bi ba'asi sai na tarar ana kashe matatar in za a kwanta, saboda ƙararta da kuma tattalin batirin inbata, ban da ɗauke wutar da ake yi da rana. A kwana na shida kuma 'yar tawa ta ga soson ya yi datti, ta cire shi ta wanke da garin sabulu, ta shanya a rana ya bushe ƙarau. Ta faɗa mini haka da alfaharinta: "Baffa, har sau uku na ɗauraye shi." Ba laifinta ba ne, babu wanda ya gaya mata cewa wannan dattin ruwan ƙasa da ke jikin soso shi ne ake kiwo.

Duk waɗannan sun taimaka wajen ɓarnar. Amma a ganina ba su ne suka hana aikin farawa ba. Kashe matata na dare yana rage ƙarfin ƙwayoyin, ba ya shafe su. Wanke soso a kwana na shida ba zai goge abin da aka yi a kwana biyar na farko ba, kuma tsakuwa ba a taɓa ta ba. Zargina ya fi ƙarfi a kan kwalbar.

Kwalbar da kanta

An ajiye ta, sai na karanta abin da ke jiki. Ta yi alkawarin washe ruwa, rage wari da narkar da dattin ƙasan tanki. Sunan ƙwayar da aka rubuta Bacillus ne. Babu ranar da aka yi ta, babu ranar lalacewa. Yaya ya tuna cewa daga kantar da ke jikin gilashin gaban shago aka ɗauko ta, inda hantsi ke duka.

Bacillus ba ta da laifi a aikinta. Tana narkar da ragowar abinci da kashi, kuma tana da wata baiwa da masu sayarwa ke so: in wuya ta yi sai ta dunƙule cikin ɓawo mai tauri ta yi barci, ta jure zafi da bushewa na tsawon lokaci. Saboda haka tana daɗewa a kanta. Amma ba ita ce ke mayar da amoniya naitiret ba. Hasali ma in ta narkar da datti, amoniya take ƙarawa. Su kuwa masu cin amoniya da naitirayit ba sa yin wannan ɓawo. A cikin kwalba suna nan ne da rai, sun yi likimo, ƙarfinsu na raguwa a hankali. Ƙanƙara tana kashe su, zafi mai tsanani ma haka. Kwalbar da ta yi watanni a shagon da ba a sanyaya shi, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ko da asalinta mai kyau ce, ba abin dogaro ba ce.

Akwai ma tsohuwar matsala a wannan sana'a wadda ta girmi batun ajiya. Sergei Winogradsky, masanin da aka haifa a Kiev, shi ya fara ware waɗannan ƙwayoyi daga ƙasa a birnin Zurich wajen 1890, kuma daga aikinsa sunayen Nitrosomonas, mai cin amoniya, da Nitrobacter, mai cin naitirayit, suka shiga littattafai. Shekara da shekaru aka ɗauka su ne ke aiki a tankin kifi, kamfanoni kuma su suke durawa a kwalba, tun da suna da sauƙin rainon a ɗakin gwaji. A 1996 Timothy Hovanec, wanda a lokacin yake aiki a ɗakin binciken kamfanin Marineland a Kalifoniya, shi da Edward DeLong suka bincika matatun tankunan ruwan daɗi ta hanyar ƙwayar gado, ba su tarar da Nitrobacter ba. A 1998 suka nuna cewa wadda ke cin naitirayit a tankin gida wata ce daban, Nitrospira, wadda ta fi dacewa da wurin da abincin ba shi da yawa. Daga wannan bincike ne aka samu kwalbar Bio-Spira, wadda a lokacin a firji ake sayar da ita. Labarin bai tsaya nan ba. A 2011 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka gano cewa a tankunan ruwan daɗi da suka daɗe, wasu halittu da ake kira akiya, waɗanda ba ma bakteriya ba ne, sukan fi bakteriyar cin amoniya yawa. A 2015 kuma aka gano wasu nau'o'in Nitrospira da ke yin aikin duka biyu su kaɗai, daga amoniya har naitiret, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka samo su matatar wani tsarin kiwon kifi ce a Holan.

Abin da na ɗauka daga wannan duka shi ne, ko kwalba mai kyau ba ita ce za ta riƙe tanki har abada ba. Masu share fage take kawowa. Daga baya waɗanda suka fi dacewa da ruwan gidan su ne za su kankane soson.

Ceton huɗun da suka rage

Kafin a yi maganar wata kwalba sai da aka fitar da kifin daga ruwan. Muka cika babban baho na roba da ruwan burtsatse da ya kwana a inuwa, aka sa dutsen iska, wato ɗan dutsen da ke fitar da kumfar iska a ruwa, da ƙaramin inji mai batir, aka mayar da su ciki. Kwana biyu ba a ba su abinci ba, daga nan sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Kullum da safe a kwashe rabin ruwan a zuba sabo. Ɗaya bai kai labari ba, ya mutu a dare na biyu. Ukun suka farfaɗo.

A nan ne uwargidan Yaya ta ambaci abin da ba don ta faɗa ba da ya ba mu wahala: takan zuba maganin kulorin a tankin sama lokaci-lokaci saboda yara. Kulorin yana ƙona naman numfashin kifi, kuma aikinsa ke nan kashe bakteriya, ba ya tambayar mai amfani ce ko marar amfani. Tun daga ranar ruwan kifi ake tara shi kai tsaye daga bakin famfon burtsatse kafin ya hau sama. Wanda ruwan famfo na gwamnati yake amfani da shi, sai ya nemi maganin kashe kulorin, wanda yawanci sinadarin sodiyom tayosalfet ne, ya ɗiga kafin ruwan ya taɓa soso.

Zagaye na biyu, babu kifi a ciki

Shawarata ta farko ba kwalba ba ce. Mai yin kindirmo ba ta sayen komai, ɗan tsohon nono take zubawa a sabuwar madara ta rufe. Haka yake a nan: guntun soso ko 'yar tsakuwa daga tankin da ya daɗe yana aiki ya fi kowace kwalba, domin ƙwayoyin suna maƙale a gidansu, a farke, kuma kyauta ne. Sai dai tsohon soso yana zuwa da duk abin da ke tankin da ya fito. Tanki ɗaya da muka sani shi ne na shagon, kuma biyu daga kifayen da aka sayo suna da 'yan fararen ɗigo a wutsiya, alamar wata cutar kifi da ke yaɗuwa a ruwa. Wajen tarwaɗata ma babu abin ɗauka, don irin kiwonmu na tamfol da siminti canjin ruwa muke yi, ba mu da matata.

Sai aka nemi kwalba ta biyu, wannan karon da sharuɗɗa: a ga an rubuta Nitrosomonas da Nitrospira a jiki, a ga ranar lalacewa, kuma mai sayarwa ya kasance yana ajiye ta a wuri mai sanyi. Daga Legas aka samo, ta biyo motar dare a cikin kula, aka karɓe ta a tasha da sassafe. Da aka girgiza ta sai ruwan ya yi gurɓi-gurɓi da ɗan warin ƙasa. Dole ne a girgiza sosai, saboda ƙwayoyin suna kwanciya a gindin kwalbar.

An zubar da tsohon ruwan, an ɗauraye tsakuwa da ruwa zalla, an sa sabon soso, an ƙara wani a kwance a bayan dutsen iska. Matata da injin iska aka haɗa su da layin inbata da ba a kashewa. Yaya ya ɗan yi gardama kan batir, har sai da ya duba jikin matatar ya ga wat 5 take ci, bai kai na ƙwan fitilar falonsa ba. Dalilin nacewata shi ne waɗannan ƙwayoyi da iska suke aiki: kowane miligiram na naitirojin ɗin amoniya yana cin wajen miligiram 4 da rabi na oksijin kafin ya zama naitiret. Soson da ruwa ya daina ratsawa, cikinsa yakan shaƙe.

Tun da babu kifi, sai mu kawo amoniyar da kanmu. A shagon kayan ɗakin gwaji na makarantu muka sayi garin amoniyom kulorayid. Aka auna giram 6 a sikelin masu gwal, aka narkar a ruwa mililita 100. Sirinji mai mililita 10 na wannan haɗin yana kai lita 100 zuwa kusan miligiram 2 a lita. Wanda bai samu garin ba yana iya barbaɗa abincin kifi ya bar shi ya ruɓe, amma ba zai san nawa ya zuba ba, kuma ruwan zai yi ƙazanta. Aka zuba sirinji ɗaya, aka juye kwalbar rabi a kan soso rabi a ruwa, aka bar fitilar tankin a kashe. 'Yar tawa aka ba aikin rubuta sakamakon gwaji a littafi, kuma daga littafinta na kwaso abin da ke biye.

A kwana na uku amoniya ta sauka zuwa 1, gwajin naitirayit ya tashi daga shuɗi ya fara komawa shunayya, 0.5. Wannan shi ne abin da ba a gani ba sam a zagayen farko. A kwana na biyar amoniya ta kusa ƙarewa, naitirayit ta kai 2, naitiret ta fara leƙowa. Aka ƙara sirinji ɗaya.

Daga nan ne abin ya so ya karkace. Yaya ya ga amoniya na ƙarewa cikin kwana ɗaya, sai tausayi ya kama shi, wai kada ƙwayoyin su mutu da yunwa. Ya riƙa zuba sirinji kullum har kwana huɗu. Da na dawo a kwana na goma, ana ɗiga maganin gwajin naitirayit tun bai gauraya ba yake zama shunayya mai duhu, ya wuce ƙarshen katin launi da ake kwatanta sakamakon gwaji da shi, wato sama da 5. Lissafin a fili yake. Miligiram 1 na amoniya yana zama wajen 2.7 na naitirayit, saboda nauyin oksijin da ya hau kanta. Duk sirinji ɗaya ke nan yana haifar da fiye da 5. Rukunin farko ya yi ƙarfi yana ta zubowa, na biyu kuwa, wanda dama ya fi nawa wajen kafuwa, ya kasa kwashewa. Naitirayit in ta yi yawa haka tana danne Nitrospira ɗin da ake jira ta cinye ta. Na ce, "Yaya, ba yunwa ce za ta kashe su ba, sukan yi kwanaki babu abinci su tashi lafiya. Ɗura ce ta yi musu yawa."

Aka canja rabin ruwan, washegari aka sake canja rabi, har launin ya dawo cikin kati, wajen 2. Ba a taɓa soso ko tsakuwa ba, kuma canjin ruwa ba ya kwashe ƙwayoyin tun da ba a cikin ruwa suke yawo ba. Aka daina zuba amoniya na kwana uku, daga nan aka koma rabin sirinji bayan kowane kwana biyu.

Na duba pH ma, ya sauko daga 8 zuwa 7.6. Aikin nan yana haifar da tsami, yana cinye abin da ke tare tsamin a ruwa, wajen miligiram 7 a kan kowane miligiram na naitirojin. Ruwan gidan Yaya yana da ƙarfin jurewa, shi ya sa bai faɗi sosai ba. Wanda ya cika tankinsa da ruwan sama ko ruwan leda da aka tace ƙwarai, pH ɗinsa na iya gangarawa ƙasa da 6.5, a nan kuma aikin yakan yi sanyi har ya tsaya, mutum ya zauna yana zargin kwalba. Maganinsa ɗan garin bekin soda ne. Kanwa kam, duk da ita ce a kusa da hannu, ban ba da shawararta ba: tana ɗaga pH da ƙarfi, ƙarfinta kuma ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule.

Kwana biyar naitirayit tana tsaye tsakanin 1 da 2 kamar ba za ta motsa ba. Wannan zaman shi ne inda mutane da yawa ke gajiya su sayo wata kwalbar ko su wanke komai su sake farawa. A kwana na goma sha shida ta faɗo 0.25, washegari gwajin ya tsaya shuɗi. Sai muka yi jarrabawar ƙarshe: cikakken sirinji da yamma, a gwada bayan awa 24. Karon farko amoniya sifiri, naitirayit 0.25. Aka bar shi kwana ɗaya aka maimaita. A kwana na ashirin duka biyun sifiri, naitiret kuma ta haura 40.

Komawar kifin da abin da za a iya cewa game da kwalbar

An canja kashi biyu cikin uku na ruwan don a rage naitiret, aka bar sabon ya daidaita da zafin na baho, sannan aka mayar da kifayen uku, waɗanda fararen ɗigonsu suka riga suka ɓace a bahon. A kwana na uku da komawarsu naitirayit ta ɗan leƙo, 0.25. Na sa aka narkar da ƙaramin cokali ɗaya na gishirin girki aka zuba. Wannan dabarar masu tarwaɗa ce. Naitirayit tana shiga jinin kifi ta ƙofar da kulorayid ɗin gishiri ke bi, in ta shiga kuma sai ta hana jinin ɗaukar oksijin, ya koma ruwan ƙasa, kifi ya riƙa haki ko da ruwan cike yake da iska. In kulorayid ya ninka ta kamar sau goma, shi ke cin ƙofar. Gishirin ba ya cire naitirayit daga ruwa, kifin kawai yake karewa kafin ƙwayoyin su kammala. Bayan kwana biyu gwajin ya koma shuɗi, bai sake tashi ba.

Shin kwalba ta biyu ta biya kuɗinta? A ganina ta biya, amma ba yadda takardar jikinta ta nuna ba. Ganin naitirayit a kwana na uku shaida ce cewa masu cin amoniya sun iso da rai, domin tankin da ba a sa masa komai ba yakan wuce mako kafin a ga haka. Ɓangare na biyu ne ya ja lokaci, kuma ɗurar amoniyar nan ta ƙara masa kwanaki. Zafin bazara shi ma ya taimaka, tun da tsakanin digiri 25 da 30 ne ƙwayoyin suka fi sauri. Da a hunturu aka yi, lokacin da ruwan falo ke sauka ƙasa da 20 da asuba, da an fi haka jira. Kwana ashirin maimakon wata ɗaya ko wata ɗaya da rabi ragi ne na gaske. Amma "ka saki kifinka yau ɗin nan", da kifin gwal shida a lita 100, ko da wannan kwalbar mai kyau aka fara ba zan yarda da shi ba. Masu yin kwalaben da kansu, inda suka yarda a sa kifi tun farko, 'yan ƙanana kaɗan suke nufi, da abinci kaɗan.

In da za a ce kuɗin abu ɗaya kawai Yaya yake da shi ranar da ya je shago, kwalba ko kayan gwaji, da kayan gwajin zan ce ya ɗauka. Da su, ko babu kwalba, da ya ga kore a kwana na uku ya canja ruwa.

Yanzu tsarin gidan shi ne canjin kashi ɗaya cikin uku na ruwa duk Asabar, gwaji kafin canjin, soso kuma a matse shi a cikin ruwan da aka kwaso daga tankin, ɗaya wannan makon ɗaya wani makon. Abinci mutum ɗaya ne ke bayarwa. Abin da ba a gama warwarewa ba shi ne yawan kifin. 'Yar tana so a mayar da ukun da suka mutu, ni kuma na ce a'a, don kifin gwal yana iya kai santimita 20 ko fiye, kuma waɗannan ukun ma nan da shekara lita 100 za ta yi musu kaɗan. Naitiret tana kai 30 kafin Asabar ta zagayo. Yaya ya fara tambayar kuɗin tanki mai lita 250, kuma in an saya, ɗaya daga cikin sosunan nan biyu za a ɗauka a fara shi da shi.